Tsuntsun Tsakar Gida: Wanda Za a Ƙyale, Wanda Za a Kora, da Wanda Za a Kai Rahotonsa

Daga faɗuwar ruwan farko zuwa lokacin da ake ɗaure damman gero, tambayoyi iri ɗaya ke yawo a majalisu daga Magariya har Dungas. Wannan ya ce tsuntsu ya kama faɗa da madubin babur ɗinsa kullum da safe. Wancan ya ce kabare ya gama saƙa sheƙa tsaf a kan dogon yaron ƙofar gidansa, sai kuma ya warware ta da bakinsa. Uwargida ta tsinci ɗan tsuntsu a gindin rumbu, yara na son su sa shi a kwali. Manomi kuma ya hango wani baƙi-baƙi yana gilmawa da almuru ya nufi tabki, gabansa ya faɗi.

Amsar da aka saba bayarwa ba ta wuce biyu ba: ko a ce alamar wani abu ce, ko a miƙa wa yaro danƙo. Alhali yawancin abin da muke kira baƙon hali a wurin tsuntsu yana da dalili a sarari, kuma dalilin yana bin lokacin shekara. Wanda ya iya kallo zai raba abin gida uku. Akwai wanda ba ya bukatar komai sai a bar shi, akwai wanda ke bukatar gayyar gari, akwai kuma wanda ba a kwana da shi sai an sanar da hukuma.

Yadda ake kallo

Tsuntsaye sun fi motsi daga sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Samu inuwa ka zauna, rana a bayanka, kada ka riƙa nuni da hannu. In ka yi shiru na ɗan lokaci za su manta da kai su koma harkarsu.

Abu biyar za ka riƙe. Na farko girmansa: ka auna shi da wanda ka sani, ya kai kurciya ko bai kai ba? Na biyu launin baki da na fuska, domin nan ne ƙananan tsuntsaye masu kama da juna suke rabuwa. Na uku abin da yake yi: ci yake, ɗaukar ciyawa yake, ko kora yake? Na huɗu yawansu: ɗaya ne, goma ne, ko garke ne da ba ya ƙirguwa? Na biyar inda suka fito da inda suka nufa.

Ka ba wani ɗan makaranta a gidan tsohon littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka gani, da boko ko da ajami. Mai waya ya ɗauki hoto ko murya. Bayan damina biyu littafin nan zai gaya maka ranar da shamuwa ta sauka bara, da makon da garken farko ya bayyana a gonarku, abin da ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa daidai.

Mulufi: ja da damina, ɓoye da rani

Duk wanda gidansa ko garkarsa ke kusa da fadamun Korama, wajen Bande ko Waca, ya san ɗan tsuntsun nan mai jan wuya da jan baya, fuska da ciki baƙi wuluk. Yakan hau kan karan rake ko doguwar ciyawa ya kumbura gashinsa har ya zama dunƙule, sannan ya tashi a hankali yana kaɗa fukafukai da ƙara, ya zagaya ɗan fili ya dawo inda ya taso. In wani namijin ya gifta, sai kora.

Lafiyarsa lau. Namijin mulufi ne a lokacin aure, yana shata iyakar filinsa yana kiran mata. Yakan saƙa sheƙa fiye da ɗaya a cikin ciyawa, kowace da ƙofa a gefe, kuma yakan ajiye mata fiye da ɗaya. Matan ba su da ja ko kaɗan, ruwan ƙasa ne masu zane-zane, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka wani tsuntsu ne daban. Da damina ta wuce shi ma namijin sai ya zubar da jan gashin ya koma kamannin matansa. Masu cewa mulufi yakan yi ƙaura da rani, sau da yawa yana nan gabansu a cikin garken da ke tsintar ƙwaya a masussuka.

A Amurka akwai wani baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa da ke irin wannan rayuwa a bakin fadamu, shi har kan mutum yake kai wa bugu in an matso kusa da sheƙarsa. Namu bai kai nan ba. Abin da yake bukata daga gare ka kaɗan ne: in kana yankan ciyawar dabbobi a watan Agusta ka ga sheƙa da ƙwai, ka bar wannan kuttun har ƴaƴan su tashi.

Kabare da sheƙar da yake rushewa

Namiji ne ke saƙar. Yakan tsago ɗanyen ganyen dabino, rake, masara ko doguwar ciyawa, sili ɗaya bayan ɗaya, ya fara da zobe sannan ya rufa ɗaki, ƙofa tana kallon ƙasa. Yini guda kan ishe shi. Da ya gama sai ya rataye a ƙarƙashinta kai ƙasa, yana karkaɗa fukafukai yana tsuwa. Macen ta zo ta shiga, ta ja nan ta ja can. In ta yarda, ita ce za ta shimfiɗa laushin ciki ta yi ƙwai biyu ko uku. In kuwa ba wadda ta karɓa har ganyen ya bushe ya yi fari, da kansa zai kwance ta ya sake sabuwa, domin matan sun fi son ɗanya. Tarin busassun sheƙu da kake sharewa a gindin bishiya, yawancinsu ragowar neman aure ne.

Damuwa ta gaskiya biyu ce: hayaniya da kashi a tsakar gida, da kuma tsage ganyen dabino ko masara. In ba ka son su a bishiyar da ke kan randa ko madafa, ka hana su tun ranar farko da ka ga zoben farko, ta hanyar cire shi da sanda da rage ƙananan rassan da ke lilo. In ka bari har aka yi ƙwai, to ka haƙura: kwanci kusan mako biyu ne, renon ƴaƴa kusan mako uku. Ka janye randa da shanyar hatsi daga gindin bishiyar. Kuma ka tuna da ƙwari da tsutsa suke ciyar da ƴaƴan nan, har da tsutsar da ke cin zangarniyar gero.

Faɗa da madubi

Tun da babura da tagogin gilashi suka yawaita a ƙauyuka, wannan ƙorafi ya ƙaru. Tsuntsu ya zo ya tsaya gaban madubi yana sara, ya tafi ya dawo, har ya ɓata wurin da kashi. Hoton kansa yake gani, ya ɗauka wani namiji ne ya shigo filinsa, kuma abokin faɗan nan ba ya gudu. Maganin ba shi da wuya. Ka sa wa madubin babur tsohuwar safa ko tsumma in ka ajiye shi. Taga kuma a rufe ta ta waje, da zane ko tabarma, ko a shafa mata sabulu ko farar ƙasa. Labulen ciki ba ya hana hoton fita. Da lokacin sheƙa ya wuce zai daina da kansa.

Ɗan tsuntsu a ƙasa

Duba jikinsa tukuna. In gashi ya rufe shi, yana tsalle yana iya kama reshe, to koyon tashi yake, iyayensa na nan kusa suna kallonka. Ɗora shi kan reshe ko kan danga inda kyanwa da kaji ba za su kai ba, ka janye yara. In kuwa tsirara yake, ido bai gama buɗewa ba, nemi sheƙar ka mayar da shi. Maganar da ake yi cewa uwa takan ƙi ɗanta in hannun mutum ya taɓa shi ba ta da tushe. Kada a ɗura masa ruwa ko koko a baki, yakan bi ta hanyar numfashi ya kashe shi. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ga kurciya ko hankaka a inuwa baki buɗe, fukafukai a sake, maƙogwaro na rawa. Tsuntsu ba ya gumi, da haka yake fitar da zafi. In kana son lada da kuma damar kallo a kusa, ajiye kasko mai faɗi a inuwa, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa, ka sa ƴan duwatsu a ciki don ƙanana su samu wurin tsayawa. Ka ɗora shi sama, nesa da inda kaji ke sha, ka zubar ka wanke kullum don kada ya zama gidan sauro.

A ƙarshen wannan zafi ne shamuwa ke dawowa daga gabashi da kudancin Afirka ta sauka kan manyan bishiyoyin gari. Kakanninmu ba su yarda a taɓa ta ba, kuma suna da gaskiya, domin fara ce babban abincinta. Sai dai saukarta albishir ne na kusantowar damina, ba umarnin shuka ba. Jiƙar ƙasa ce ke ba da wannan umarni.

Garken da ke bukatar gayya

Nan ne kallo ke zama maganar rumbu. Ƙananan tsuntsayen da muke haɗawa mu kira buwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ruwan ɗorawa da baya ja-ja, ɗan Sahel, wanda ke sheƙa a aduwa da sauran itatuwan ƙaya. Akwai kuma jan baki, wanda masana ke ɗauka ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kusan biliyan ɗaya da rabi. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba ko kusa da haka, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Asalin abincin jan baki ƙwayar ciyawar daji ce. Da ruwan farko ya sauka ƙwayar ta tsiro, sai abinci ya yanke masa, ya yi kudu inda ciyawa ta riga ta yi ido, sannan ya biyo damina ya dawo arewa yana hayayyafa. Yana son kwana a cikin kacala, rake ko kurmin ƙaya kusa da ruwa. Fadamun Haɗeja da Nguru da kacala ta cinye suna daga cikin manyan matattararsa, kuma tsakaninsu da gonakin Dungas, Malawa da Dogo-Dogo ba wata tafiya ba ce ga mai fiffike. Tsuntsu bai san iyakar Maigatari ba.

Ga alamomin da za ka lura da su. In ka ga mazan sun yi baƙar fuska, bakin matan kuma ya juye daga ja zuwa ruwan ɗorawa, to hayayyafa ta zo. In ka ga suna ɗauke da ɗanyar ciyawa a baki suna nufar wuri ɗaya, sheƙa ake yi. Aikinsu da sauri yake: kwana biyu zuwa uku sheƙa ta haɗu, kusan kwana goma ƙwai ya ƙyanƙyashe, kusan mako biyu ƴaƴa sun fita. Waɗannan sababbin tashi su ne suka fi faɗa wa gonakin da ke kusa. Saboda haka labarin da aka kai wa malamin gona a makon farko ya fi wanda aka kai bayan wata guda amfani nesa ba kusa ba.

Don gano makwancinsu, mutum biyu ko uku su tsaya a wurare daban-daban kafin magariba, kowa ya lura da inda layin ya nufa. Inda layukan suka haɗu, nan ne. Da safe a je a duba: za a ga kashi fari fat a ƙasa da karyayyun rassa. A sanar da mai gari, shi kuma ya kai ga malamin gona na ƙaramar hukuma da ma'aikatan kare tsirrai. A faɗa musu sunan wurin, irin itatuwan, kimanin faɗinsa, da ko sheƙa ce ko makwanci kawai.

A gona kuwa, haɗarin yana farawa ne daga lokacin da ƙwaya ta yi madara har zuwa girbi. Abubuwan da ke taimakawa sanannu ne, sai dai ba sa aiki in mutum ɗaya ne ke yi:

Ku yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabtan gona. Gonar da ta riga kowa nuna, da wadda ta rage ita kaɗai bayan kowa ya girbe, su ne ke ɗaukar duka. Shi ya sa maiwa da dawar da ke jinkiri suka fi shan wahala.

Ku tsare noma na biyu, har da gefen gona. Ciyawar da ta yi ido ita ke fara jawo su, daga nan su hau zangarniya.

Inda abin ke maimaituwa kowace shekara, a nemi iri mai saurin nuna irin HKP, ko gero mai gashi, wanda tsikarsa ke hana tsuntsu sakewa. Jar dawa mai ɗaci-ɗaci ma ba ta kai farar dawa shan ɓarna ba.

Tsaro ya fi ƙarfi da sassafe da kuma yamma, lokacin cin su ke nan. A ja igiyoyi daga rumfar tsaro zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mutum-mutumi da leda mai ƙyalli suna aiki na ƴan kwanaki ne kawai kafin tsuntsu ya gane. A riƙa sauya musu wuri da kama. A raba kwanakin tsaro tsakanin manya, kada a ce sai yara sun bar makaranta a watan Oktoba.

Zangarniyar da aka zaɓa don iri, a sa mata jakar tsumma ko gidan sauro da ya tsufa. In hatsi ya nuna, a girbe, kada a bar dami a gona yana jiran ranar kasuwa.

Abu biyu da ba a yi

Kada a zuba guba a ruwa ko a hatsi. Ba ta zaɓe: kajin gida, zabi, kurciya, shamuwa, ungulu da ta ci gawar, har yaron da ya tsinci tsuntsu ya gasa, duk tana iya kaiwa gare su. Feshin makwanci aikin ma'aikata ne masu kayan kariya. In an yi shi, a hana kowa tsintar tsuntsayen da suka faɗo, a kuma janye dabbobi daga wurin har lokacin da ma'aikatan suka faɗa.

Kada kuma a huce a kan bishiya. Gawon da ya rufe gonakin Magariya, Matamaye da Mirya, wanda manoma suka raya da sassaben zamani tun daga shekarun 1980 har duniya ta san da shi, ba shi ya kawo jan baki ba. Da damina ma gawo ba shi da ganyen da zai ɓoye garke. In ka sare shi ka rasa taki da abincin dabbobi, ka jawo wa kanka ma'aikatan gandun daji, tsuntsun kuma ya koma bishiyar maƙwabcinka ya ci gaba da cin gonarka daga can.

Wanda ba a kwana da shi

Mutanen Magariya ba sa bukatar a ba su labarin murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006, ƴan makonni bayan an tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, a Magariya aka fara tabbatar da ita a Nijar, a jikin agwagin gida. Abin da ya biyo baya, na hallaka kaji da tsayawar kasuwarsu, manya suna tune da shi.

Tsuntsu ɗaya da ya mutu ba abin tashin hankali ba ne. Amma in ka tarar da matattu da yawa wuri ɗaya, musamman na ruwa a bakin tabki, ko ka ga tsuntsu yana juyi, wuya a murɗe, ya kasa tashi, ko kaji da agwagi suna mutuwa farat ɗaya, kai a kumbure, tukku ya yi shuɗi, to ranar nan za a sanar da ma'aikatan kiwo. Kada a tsaya gardamar ko ita ce ko ba ita ba ce. Ciwon kajin da ke zuwa da hunturu yana kama da ita ƙwarai, guba ma haka, kuma awo ne kaɗai ke rabewa. A daren shiga shekarar 2011 dubban baƙaƙen tsuntsayen nan masu jan kafaɗa suka zubo matattu a wani gari a jihar Arkansas ta Amurka, aka yi ta faɗin albarkacin baki. Da aka duba gawarwakin sai aka ga ƙarar wasan wuta ce ta firgita su cikin duhu suka yi ta karo da gidaje. Da ba a auna ba, da har yau ana ta zato.

Kafin ma'aikata su iso, kada a taɓa gawa da hannu tsirara. A sa leda a hannu ko a ɗauka da shebur. In ba su ce a ajiye musu ba, a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tone ba a binne. A killace kaji, a hana yara wasa a wurin, a wanke hannu da sabulu. Kada a yanka marar lafiya a ci, kada kuma a yi sauri a kai sauran kasuwa don a rage asara, domin da haka ciwon ke tsallaka gari. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko da lafiya take, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Wanda zazzaɓi da tari suka kama shi bayan ya taɓa irin waɗannan tsuntsaye ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Aikin da za a fara da shi a wannan mako kaɗan ne: a samo littafin nan a damƙa wa yaron da zai riƙe shi, a karɓi lambar malamin gona da ta ma'aikacin kiwo a ajiye a waya, a kuma zauna da maƙwabtan gona a tsayar da wanda zai riƙa duba bakin tabki da yamma daga ranar da gero ya fara fitar da kai. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana abin da muka shuka.